Duwatsun Ado na Yumɓu da Tarihin Shafen Ƙarau: Waiwaye Daga Ƙasar Bauchi

1.0 Gabatarwa

Duk wani ƙaramin abu da aka huda aka zura wa zare don a rataya a wuya ko a hannu, Bahaushe dutse yake kiransa, jam'i duwatsu, ko da kuwa da ƙarau aka yi shi, ko da ƙashi, ko da roba. Wannan suna yana nuni ga ma'aunin da aka daɗe ana auna darajar abin ado da shi a ƙasar Hausa, wato ƙarfi da santsi da sheƙi irin na dutse. Abin da zai ɗaure wa mai nazari kai shi ne, al'ummar da ta ƙware wajen sarrafa yumɓu har ta fitar da randa da tulu da tukunya da kasko ba ta mayar da yumɓun nan dutsen ado mai daraja ba, ba ta kuma lulluɓe kayan gininta da ƙarau kamar yadda aka yi a Masar da Sin ba. Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce wai rashin sani ne ya kawo haka. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin al'amarin daga ƙasar Bauchi da maƙwabtanta, ta nuna cewa ilmin wuta da kayan haɗin ƙarau duk suna nan tun kafin zuwan Turawa, kuma dalilai na amfani da tattali da fatauci ne suka raba yumɓu da ƙarau har zuwa tsakiyar ƙarni na 20.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin a shiga tarihi ya kamata a tantance kalmomin da za a yi amfani da su. Ƙarau a Hausa shi ne abin hannun mata na gilashi, kuma ana faɗaɗa kalmar ta ƙunshi gilashin kansa. Bisa ga haka, a wannan maƙala za a kira ruwan haɗin da ake shafa wa kayan yumɓu, wanda ke narkewa a wuta ya daskare ya zama fatar gilashi, da sunan shafen ƙarau. Matoya ita ce filin ko ramin da magina ke jera tukwane su rufe da kara da itace su toya su. Rufaffen ɗakin wuta kuwa, mai ƙofa da mafitar hayaƙi, za a kira shi tanderu, wato a aro sunan wanda ake gasa gurasa a cikinsa.

Akwai kuma sunayen duwatsun kansu. Murjani da lu'ulu'u daga Larabci aka aro su, kuma daga tushen na farkon ne sunan Murjanatu ya fito. Akwai tsakiya, akwai lantana, akwai jigida wadda ake ɗaurawa a ƙugu. Kayan yumɓu masu shafen ƙarau da suka shigo daga waje su ne tangaran, waɗanda Hausawa suka yi wa laƙabin faɗi-ka-mutu. Wannan laƙabi shi kaɗai ya isa ya nuna irin kallon da aka yi musu da farko: abu ne mai kyau a ido, amma ba ya jure wahalar gida.

3.0 Duwatsun Ado a Zamanin Da

Tsofaffin shaidu a kan duwatsun ado a wannan yanki sun fito ne daga al'adar Nok. A 1928 aka fara tsintar gumakan yumɓu a wuraren haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, kudu maso yammacin tsaunukan da Turawa suka daɗe suna kira Tsaunukan Bauchi kafin a yanke Lardin Filato a 1926. Bernard Fagg ya ɗora bincike a kansu daga shekarun 1940, sannan masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka ci gaba daga 2005. Bincikensu ya nuna an fara yin gumakan nan wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Jikin gumakan cike yake da siffofin duwatsun wuya da na hannu da na ƙugu, an mulmula su da yumɓu ɗaya bayan ɗaya. To amma duwatsun da aka tono a jere cikin ƙasa, a wuraren da ake kyautata zaton kaburbura ne, na dutse ne na ainihi. Ke nan mutanen Nok sun iya mulmula yumɓu ya yi kama da dutsen ado, sai dai abin da suka rataya a jikinsu dutse ne.

Idan aka gangara kudu za a tarar da shaidu biyu masu ƙarfi. A Igbo-Ukwu, tonon da Thurstan Shaw ya yi a 1959 zuwa 1960 da kuma 1964 ya fito da duwatsun ado fiye da 165,000, na ƙarau da na jan dutsen nan da Larabawa ke kira aƙiƙ, waɗanda aka danganta da wajejen ƙarni na 9 zuwa na 10. A Ile-Ife kuwa, a dajin Igbo Olokun, Abidemi Babatunde Babalola ya tono duwatsun ƙarau kusan 13,000 tare da kaskon narka ƙarau a 2011 da 2012. Awon sinadaran da ke cikinsu ya tabbatar da cewa a nan Ife aka haɗa ƙarau ɗin daga albarkatun ƙasar wurin, tsakanin ƙarni na 11 da na 15.

A ƙasar Hausa kanta, kushewun Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Katsina su ne babbar shaida. Palmer ya fara tona su a 1907, sannan wasu masana Jamusawa suka tona uku a 1992. An sami mamata da adon zinariya da wuri da duwatsun ƙarau da na aƙiƙ da kwanon tagulla na ƙasashen gabas, kuma an ƙiyasta zamaninsu tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Wato tun kafin Jihadi da ƙarnuka, adon manya a ƙasar Hausa abu ne mai zuwa daga nesa, kuma nisan nan wani ɓangare ne na darajarsa.

4.0 Bauchi da Fataucin Duwatsu a Ƙarni na 19

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa birnin Bauchi a 1809, ya kewaye shi da ganuwa, ya yi mulki har rasuwarsa a 1845. Birnin ya zauna ne a kan hanyar fatake masu tasowa daga Kano zuwa Binuwai da Adamawa, don haka abin da ya shiga kasuwar Kurmi ba ya daɗewa bai iso Bauchi ba. Clapperton, wanda ya ga kasuwar Kano a 1824, ya lissafa duwatsun ƙarau da murjani cikin hajojinta. Barth kuma, a 1851, ya ambaci duwatsun ado cikin kayan Turai da ke ƙetaro Sahara ta hanyar Tarabulus da Gadamas. Vogel ya iso Bauchi a 1855, Rohlfs kuma a 1867, lokacin da wannan fatauci ke kan ganiyarsa.

Hanyoyi uku ne suka cika kasuwannin Daular Usmaniyya da duwatsun ado. Ta farko ita ce ta Sahara, mai kawo murjani da duwatsun ƙarau na birnin Fenis na Italiya. Ta biyu ita ce ta Bida, inda masu aikin ƙarau na unguwar Masaga, waɗanda ke cewa kakanninsu daga Masar suka fito, suke narka yashi da kanwa su fitar da baƙin ƙarau, daga baya kuma suka koma narka fasassun kwalabe. Nadel ya yi bayanin ƙungiyarsu a littafinsa kan ƙasar Nufe na 1942. Ta uku ita ce ta Ilori, inda ake huda jan dutsen lantana ana goge shi da hannu, dutsen da fatake Hausawa ke kawowa daga yankin kogin Kwara na sama. Daɗin daɗawa, daga shekarun 1860 masana'antar Bapterosses da ke Briare a Faransa ta shiga buga duwatsun tangaran da injin matsi, bisa dabarar da Richard Prosser ya yi wa rajista a 1840, ta kuma yi ta turo su Afirka da araha. Duk maginin da ya yi niyyar yin dutsen ado na yumɓu a Bauchi a wannan zamani, da waɗannan zai yi gogayya.

5.0 Yumɓu da Wuta a Hannun Magina

Ginin tukwane tsohuwar sana'a ce a ƙasar Bauchi. Binciken da Abubakar Sule Sani ya yi a yankin Kirfi, wanda ya gabatar a Jami'ar East Anglia ta Ingila a 2013, ya nuna tsofaffin kufai masu tarin katangar tukwane da alamun narka tama da na rini. A wasu wurare maza ne magina, a wasu kuma, musamman tsakanin ƙabilun kudancin Bauchi da tsakiyar Nijeriya, mata ne. Hanyar toyi dai kusan iri ɗaya ce: a shanya kayan su bushe sarai, a jera su a matoya, a rufe da kara da ciyawa da itace, a cinna wuta. Cikin ɗan lokaci wutar ke tashi ta faɗi, kuma zafinta yakan tsaya ne tsakanin digiri 600 da 850 a ma'aunin Salshiyas.

Magina suna da nasu hanyoyin samar da sheƙi. Sukan shafa jar ƙasa a jikin tukunya tun tana ɗanya, su goge ta da santsin dutse ko da guntsun kuka da aka shirya a zare har ta yi ƙyalli. Wasu kan yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon kwasfar ɗorawa, a kan tukunyar da aka fitar daga wuta da zafinta, sai ta yi duhu ta yi sheƙi. Duk wannan goge ne da rini, ba ya zama fatar gilashi.

Abu mafi kusa da dutsen ado na yumɓu a sana'ar Hausawa shi ne gululu, wato dunƙulen yumɓun da ake sa wa mazari don ya ba shi nauyi wajen kaɗi. Ana mulmula shi, a huda, a toya, a kuma yi masa zane da launuka. Duk matakan yin dutsen ado suna tattare a cikinsa, ban da shafen ƙarau. Amma gululu kayan aiki ne, kuma da zaren masaƙa ya kashe kasuwar kaɗi bayan buɗe masaƙar Kaduna a 1957, sai shi ma ya ja baya tare da mazarin.

6.0 Dalilan Rashin Shafen Ƙarau

Shafen ƙarau haɗi ne na abubuwa uku. Akwai yashi ko garin farin dutse, wanda shi ne asalin gilashi, amma shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,700. Akwai abin da ke sauko da wannan zafi, kamar toka ko kanwa ko dalma. Akwai kuma yumɓu kaɗan da ke hana haɗin zubewa idan ya narke. Launi kuwa daga ƙarafa yake fitowa: baƙin ƙarfe na ba da ruwan ƙasa, jan ƙarfe na ba da kore. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, kuma a kan duwatsun ado ne aka ga wasu daga cikin shaidunta na farko, domin a Badari ta Masar an tono duwatsu masu irin wannan shafe da suka haura shekara 6,000.

Idan aka duba da kyau, babu ɗaya daga cikin kayan haɗin nan da ya gagari kasuwar Bauchi. Kanwa na zuwa daga Barno, toka na kowane murhu, kwalli da mata ke sa wa ido ma'adinin dalma ne, kuza kuma, wadda ake haɗa farin shafe da ita a wasu ƙasashe, a da ana narka ta a Liruwen Dalma. Zafin wuta ma ba baƙo ba ne, domin narka tama na buƙatar zafin da ya haura digiri 1,100, ga kuma kufan matoyar tama birjik a Ampara cikin dajin Yankari. Saboda haka sai a nemi dalili a wani wuri.

Dalili na farko shi ne amfani. Randa da tulu suna sanyaya ruwa ne saboda jikinsu na tsatsafo, iska na busar da danshin tana tafiya da zafi. Da zarar an toshe ƙofofin nan da ƙarau, randa ta rasa amfaninta. Haka kuma tukunyar da aka toya da sassauƙar wuta ita ce ke jure harshen wutar murhu, alhali tangaran da ya sha babbar wuta tsagewa yake yi idan aka ɗora shi a kan duwatsun murhu. Dalili na biyu shi ne tattali: kai tanderu ga zafin da zai narka shafe na cin itace mai yawa da dogon lokaci, mai sayen tukunya kuwa ba zai biya kuɗin wannan itace ba. Dalili na uku shi ne rabon sana'o'i. Babbar wuta da zugazugi na maƙera ne da masu narka tama, yumɓu kuma na magina, kowa da gidan da ya gada, ba a kuwa cika haɗa sirrin gida biyu ba. Na huɗu shi ne wanda aka riga aka ambata, wato kasuwa ta riga ta cika da duwatsu masu sheƙi daga Fenis da Bida da Ilori.

7.0 Zuwan Tanderu da Shafen Ƙarau

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki Michael Cardew, wani magini ɗan Ingila da ya taɓa aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau, don ya duba yadda za a inganta ginin tukwane a Nijeriya. Bayan ya zagaya ƙasa, sai ya ba da shawarar kada a taɓa ginin gargajiya, domin ya dace da buƙatar masu amfani da shi. Abin da ya ga ya kamata shi ne a kafa sabuwar sana'a a gefe, mai samar da kofuna da faranta masu shafen ƙarau. Ya zaɓi tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, saboda yumɓu da itace da ruwa da kuma goyon bayan Sarki Sulaimanu Barau, aka buɗe cibiyar koyar da gini a can a 1952. Tanderun cibiyar na itace ne, ana kai shi wajen digiri 1,250 zuwa sama, kuma daga duwatsu da toka da yumɓun ƙasar nan ake haɗa shafen.

A 1954 Ladi Kwali, wadda ta riga ta shahara da ginin tulu irin na Gwari, ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar. Ta ci gaba da ginin hannu da zanen kadangaru da kifaye da kunamu, sai dai yanzu ana lulluɓe su da ƙarau. Tulunan suka yi suna a Turai da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, aka kuma sa hotonta a takardar naira 20 a 2007. Amma abin lura shi ne, tulun da ya sha shafe ya yi nauyi, ya kuma daina sanyaya ruwa, ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan kallo. Wannan ya gaskata hikimar magina na da. Cardew ya bar Abuja a 1965, ya tattara abin da ya koya a littafinsa na 1969, kuma ɗaliban cibiyar ne suka yaɗa sana'ar zuwa Jos da Minna da Kaduna.

Dutsen ado bai gamu da cikas ɗin da tulu ya gamu da shi ba, domin ba a neman ya sanyaya ruwa ko ya hau murhu. Shafen ƙarau shi ke ba yumɓu siffofin nan uku na dutse: ƙarfi da santsi da sheƙi. Aikin yana da ƙa'idoji. Ana huda dunƙulen tun yana da danshi, a kuma faɗaɗa hudar domin yumɓu na tsukewa da kusan kashi 10 cikin 100 ko fiye. A yi gashin farko a wajen digiri 900 zuwa 1,000, sannan a shafa haɗin, a share cikin hudar tsaf. Tun da narkakken ƙarau na manne wa duk abin da ya taɓa, ba a zube duwatsun a ƙasan tanderu: zura su ake yi a waya mai jure wuta, a bar tazara tsakaninsu, a yi gashi na biyu. Ana guje wa haɗin dalma saboda gubarta. Cewa wannan aiki zai iya zama sana'a mai ɗaukar jama'a, an ga misalinsa a Kenya, inda Susan Wood ta kafa masana'antar Kazuri a Nairobi a 1975, mata na mulmula duwatsun yumɓu da hannu ana fitar da su ƙasashen waje.

A Bauchi, abubuwan da aikin ke buƙata sun haɗu. Ƙasar Alkaleri ta shahara da farar ƙasar da ake yin tangaran da ita, kuma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda aka kafa a 1980 aka ba ta wannan suna a 1988, tana koyar da sarrafa yumɓu da haɗa shafe a sashenta na tsara kayan masana'antu. Duk da haka, duwatsun da suka fi yawa a kasuwannin birnin, irin su Wunti da Muda Lawal, na roba ne da na ƙarau da ake shigowa da su daga waje.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa rashin duwatsun ado na yumɓu masu shafen ƙarau a tarihin Bauchi da sauran ƙasar Hausa bai samo asali daga ƙarancin ilmi ba. An san narka ƙarau a Ife da Bida, an san babbar wuta a Ampara da Kirfi, an san mulmula yumɓu da huda shi a gululu. Abin da ya hana su haɗuwa shi ne buƙatar randa da tukunya, da tsadar itace, da gadon sana'a, da kuma ƙarfin fatauci.

Akwai aiki biyu a nan da ke jiran manazarta harshe. Na farko shi ne tattara kalmomin magina da na dillalan duwatsu, da Hausa da kuma harsunan Bauchi irin su Geranci da Jaranci da Sayanci, tun masu riƙe da su suna raye, domin sunan kowane dutse kan ɗauko labarin hanyar da ya biyo. Na biyu shi ne daidaita kalmomin sabuwar sana'ar. Muddin da Ingilishi kawai ake koyar da haɗa shafe da sarrafa tanderu, ilmin zai tsaya a harabar jami'a, ba zai kai ga maginan da suka gaji yumɓu daga iyaye da kakanni ba, alhali kuwa a hannunsu ne ya fi yiwuwa ya zama sana'a.